Dukancin da Muka Gada

Baffana, yayan mahaifina, bai taɓa riƙe basilla ba tun da uwarsa ta haife shi. Garma ya sani, da fartanya, da lauje. Na fara da wannan ne saboda akwai wani littafi mai kaurin bango, da Turanci, wanda ya ce shi baduku ne, ubansa baduku, kakansa ma baduku, kuma wai neman fata ne ya kawo su ƙasar Dukku. Ina wurin aka tafka kuskuren da ya haifi littafin. Ni ma na ɗauko wa mai kuskuren kujerar da ya zauna.

Mu Dukawa ne, haka Hausawa ke kiranmu, harshenmu kuma suna ce masa Dukanci. Masu ɗinkin fata su ma dukawa ake ce musu, sana'arsu kuma dukanci. Ba wanda wannan ya taɓa rikitawa a Kontagora. Mai sayar da ƙosai a bakin tasha ta san bambancin, ba ta taɓa aiko mana da jaka a ɗinka mata ba. Sai da aka samu mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a jami'a, sannan abin ya gagara.

Lokacin mulkin soja ne. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, da matata da 'ya'ya biyu. Wata safiya hedimasta ya kira ni ofis ya nuna mini wani baƙo mai tabarau, sanye da riga da wando irin na ma'aikata, yana magana da Hausa mai tsabta kamar ta rediyo. Aka ce mai bincike ne daga wata jami'a mai nisa, gwamnati ta turo shi, kuma tunda ni ɗan Dukku ne, in raka shi in nuna masa dattawa.

A zamanin nan gwamnati ba ta son jin maganar ƙabila. Kowa ɗan ƙasa ne, shi ke nan. Abin da ake so a ji shi ne sana'o'in gargajiya, don a nuna talaka zai iya dogaro da kansa. Saboda haka mutumin ya zo da takarda mai layi-layi, kowace jama'a da gurbinta, kowane gurbi yana jiran sana'a. Nufawa sun samu tasu, Fulani sun samu shanu, Kambari an ba su noma. Da ya iso kanmu noma ya riga ya ƙare, an ba wa wasu. A mota yake gaya mini haka, ba kunya, wai ba ya son rahotonsa ya cika da manoma.

Mun tarar da Baffa yana fadama. Fadamar nan ita ce duk maganar da zan yi, don haka bari in faɗe ta. Tana gangaren dutse, bayan ƙauye, ruwa yana kwanciya a cikinta har bayan kaka. Kakan kakanmu ne ya sare dajin wurin. A gefenta ta sama akwai ɗorawa uku, ƙarƙashinsu kuma kaburburan waɗanda suka noma ta, ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya riga ya nuna wa kowa inda yake so a sa shi. Shinkafar wurin ita ke ciyar da gida har wata damina.

Baffa ya hauro wurinmu da laka har gwiwa, garma a kafaɗa. Mai binciken ya ga lakar da idonsa, har ya janye ƙafa don kada ta taɓa masa takalmi. Na kawo kujera, ya zauna, ya buɗe takarda.

"Baba, me kuka gada daga iyaye da kakanni?"

Hausar Baffa ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "To, mu dai Dukanci ne muka gada. Ubana Dukanci yake yi, uwana ma Dukanci yake yi. Yara tun suna ƙanana shi muke koya masu."

Idon mutumin ya yi haske. "Har mata suna yi?"

"Mata? Ai sun fi mu yi. In sun fara tun safe ba su gajiya."

"A ina kuke yi?"

"A gida mana. In mun je kasuwa sai mu yi Hausa."

Ko jaki aka gaya wa wannan ta ƙarshe, ya ci ya gane. Amma na ga alƙalami ya gangara gurbin sana'a yana gudu. Na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, harshe fa yake nufi."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam, hanya aka ce ka nuna mini. Sunan nasu ma ai ya faɗi komai."

Sai na ja bakina na yi shiru. Na daɗe ina gaya wa kaina tsoron hedimasta ne, da tsoron motar gwamnati. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Kunyar lakar nan nake ji. Ina matashin malami mai guga a riga, ina son a ce mutanena ma suna da wani abu da ya isa shiga littafi, ko da ba nasu ba ne. Na ce a raina ai takarda ce kawai, za a jefa ta cikin kabad, gara ta cinye. Muka sha fura, muka koma Kontagora kafin la'asar.

Gara ba ta ci ba. Bayan wasu shekaru wani abokina ya kawo mini littafin. An ba mu shafi uku. An ce matanmu sun fi maza ƙwazo wajen aikin fata. An ce muna yin aikin a gida, mu kai kasuwa mu sayar da harshen Hausa. Sai wata jimla da ba wanda ya gaya masa, shi ya ƙaga ta don labarin ya zauna daidai: wai kakanninmu baƙi ne da suka biyo cinikin fata, suka raɓu da manoman wurin ba da daɗewa ba, noman da ake gani muna yi kuma na ɗan taɓawa ne. Na karanta wa Baffa na fassara masa. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi da ya yi shekara bakwai yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, ashe duk wasa yake yi bai sani ba. Ni ma na yi dariyar.

Sojoji suka koma bariki, aka shiga siyasa. Ƙabilar da jiya ba a son jin sunanta ta zama abin ado. Kowane mai neman ƙuri'a yana son a gan shi cikin al'adun mutanensa. Aka shirya bikin nuna al'adu a babban birnin jiha, sai ga mutumina ya dawo. Yanzu Dakta ne, ya yi tumbi, ya ajiye riga da wando ya sa babbar riga. Shi aka ba aikin tsara rumfar kowace ƙabila. Ya neme ni da fara'a kamar mun yi zaman arziki, ya ce in kai shi wurin tsohon nan nasa.

Abin da yake so shi ne Baffa ya ɗaura walki, ya zauna a rumfa da basilla da ƙirgi a gabansa, manya su zo su gani. Ya ce ai ya samu sabuwar hujja ma, an gaya masa kakanninmu walkin fata suke ɗaurawa.

Baffa ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Wanda ya ɗaura walki baduku ne? To kai da ka sa riga, masaƙi ne?"

Dakta ya yi dariyar da manya ke yi in ƙaramin mutum ya ba su kunya, ya rubuta wani abu. Baffa ya ce shi yankan shinkafa ke gabansa, ya ɗauki laujensa ya bar mu. Wannan bai hana komai ba. Aka shiga kasuwar Kontagora aka kwaso jakunkuna da layu da kube daga wurin dukawan gaskiya, aka samu wasu 'yan zaman kashe wando daga wajen Tungan Magajiya aka ɗaura musu walki. Na gan su a talabijin suna riƙe da basilla kamar mai riƙe da tsinken tsire, kwamishina yana gyaɗa kai.

Washegari na same shi a masaukinsa na sake gaya masa, wannan karon dalla-dalla, har na rubuta masa kalmomin biyu a takarda. Ya saurare ni yana cin gyaɗa. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, za a duba a bugu na biyu. Ban taɓa jin an yi bugu na biyun ba. A tsakani, lokacin da maganar addini ta yi zafi a siyasa, na tsince shi a rediyo yana bayani cewa bincike ya nuna kakanninmu daga gabas suka fito, kuma in an tona sosai ba su taɓa yin nisa da hanyar addini ba. Baffa kuwa ranar nan yana can yana yanka baƙin zakara a gindin dutse don a samu ruwa, kamar yadda ubansa ya yi.

Zuwansa na uku ɗanmu ne ya kawo shi, kuma wannan ya fi ci mini rai. Wani ɗan ƙasarmu ya shiga majalisa, ya ƙudura sai an ba Dukawa masarauta tasu, shi kuma ya san wanda zai hau. Masarauta tana bukatar tarihi, tarihi kuma yana bukatar Farfesa, don lokacin mutumin ya zama Farfesa, har da sanda mai kan azurfa. Suka iso ƙauye da motoci. Yanzu mu ba baƙi ba ne, ba kuma daga gabas muka fito ba. Mu ne farkon waɗanda suka taka duwatsun nan, mayaƙa, masu sarakuna da fada. Saura kawai a samu sunayen sarakunan.

Aka zaunar da Baffa, wanda lokacin gashinsa ya yi fari fat. Farfesa ya ce, "Baba, lissafo mini sarakunanku na da, tun daga na farko."

"Ba mu da sarki. Kowane gida da babbansa. In abu ya taso a taru a gindin itace."

"To manyan naku na da fa? Waɗanda ba a manta da su ba?"

Baffa ya ce in waɗannan ne, ya sani. Ya juya ya fuskanci wajen ɗorawa, ya fara kiran sunayen waɗanda ke kwance a can, daga wanda ya sare dajin har zuwa ubansa. Bai taɓa kiransu a gaban baƙo ba. A hankali yake faɗi, yana tsayawa bayan kowane suna. Farfesa kuwa yana rubutawa yana sa musu lamba.

Wata biyu bayan haka sunayen suka fito a wata 'yar ƙasida mai hoton ɗan majalisar a bango. Manoman nan da suka mutu da kantar garma a tafin hannu an naɗa musu rawani, kowanne da yaƙin da ya ci. Na je na sami Farfesa na ce, tunda yanzu ya yarda mun daɗe a wurin, ya rubuta ko layi biyu ne ya janye maganar fata. Ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, ilimi tafiya yake yi da zamani. Wancan na lokacinsa ne, wannan na lokacinsa ne." Ɗan majalisar ya faɗi zaɓe, masarauta ta bi ruwa, ƙasidar ta koma hannun masu ƙunshe ƙuli-ƙuli.

Sai aka yi sabuwar gwamnati, wadda ita kuma noman zamani take so. Wani babban mutum na kusa da masu mulki, mai taraktoci, ya zagaya ƙasarmu ya ga fadamar Baffa, ta kwanta masa a rai. Aka ce za a ba shi ita da na maƙwabta, sai dai in akwai wanda zai nuna gadonsa ce tun asali. Aka kafa kwamiti, aka kira mu Kontagora. Na kwana biyu ina ƙarfafa wa Baffa gwiwa. Na ce wa zai yi musu da kaburbura?

A wani zaure mai fanka aka zauna. Lauyan mai taraktoci bai yi dogon surutu ba. Ya ciro littafin nan mai kaurin bango, ya buɗe shafinmu, ya karanta jimlar baƙi masu bin cinikin fata, ya fassara ta da Hausa don kowa ya ji. Ya ce ga abin da masana suka tabbatar tun kafin a san za a yi wannan zama: mutanen nan aron wuri aka ba su, kuma ba manoma ba ne.

Shugaban kwamitin ya ce Baffa ya yi magana. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ce shi bai iya karatu ba, amma ya san waɗanda suka noma wurin. Ya sake kiran sunayen nan. Bai kai rabi ba lauyan ya ɗaga 'yar ƙasidar, ban san inda ya tono ta ba, ya riƙa karanta sunayen tare da shi, yana riga shi ma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ai sarakunan da aka ƙaga ne lokacin yaƙin neman zaɓe. Jiya sarakuna, yau manoma. An dai koya wa tsoho hadda." Aka yi dariya a zauren. Baffa ya tsaya da baki buɗe, sunan kakansa a kan harshe, bai ƙarasa ba.

Aka kira Farfesa, don shi ne masanin da kwamitin ya gayyato. Ya tsufa, amma idonsa bai tsufa ba wajen gane inda inuwa take. Na zuba masa ido. Wallahi har lokacin ina da sauran fata a kansa, don ya san gaskiya, sau uku ina gaya masa. Aka tambaye shi, cikin rubutunsa biyu wanne za a ɗauka? Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. Ya ce a matsayinsa na mai bincike dole ya faɗi gaskiya: ƙasidar an yi ta ne cikin zafin siyasa, amma binciken farko an yi shi ba tare da matsin kowa ba, daga bakin mutanen da kansu, don haka ya fi inganci.

Na tashi ba a ba ni izini ba. Na ce ina wurin. Na faɗi yadda aka yi, da lakar, da kujerar, da maganar mata ba su gajiya. Na ce Dukanci harshe ne, kowa a zauren nan ya sani, shi kansa mai shara a bakin ƙofa ya sani. Wasu suka yi murmushi, don sun sani ɗin. Shugaban ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To Malam, kai da kake da ilimi, kana wurin, ka gani. Me ya hana ka gyara tun ranar?"

Baffa ya juyo ya dube ni. Bai taɓa sanin na ga inda alƙalamin ya sauka ba.

Kafin damina ta faɗi aka kafa turaku a fadamar. An bar ɗorawa ukun, an zagaye su da waya, an ce wannan girmamawa ce ga al'ada. Na ji an ce Farfesa ya yaba da hakan a wani taro.

Na ɗauko Baffa na dawo da shi gidana a Kontagora, na ba shi ɗakin kusa da zaure. Bai taɓa yi mini maganar ranar kwamiti ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da asuba yake tashi ya shiga bayan gida, inda matata ta shuka kuɓewa 'yar kaɗan, ya yi ta cire ciyawa har ba sauran ciyawar cirewa, sannan ya zauna a ƙofa yana kallon masu babur. In hadari ya haɗo daga gabas sai ya tashi tsaye, ya daɗe yana dubawa, ya koma ya zauna.

Wata ranar kasuwa igiyar takalminsa ta tsinke. Na same shi yana juya takalmin a hannu, ya gwada ƙulla ta da zare, ta kwance, ya gwada da waya, ta soke shi. Na ce ya kawo in kai a gyara. Ya ce zai bi ni.

Muka je wurin wani baduku a bakin kasuwa, dattijo, zaune cikin tarin fatu da ƙanshin jima. Baffa ya gaishe shi. Daga jin Hausarsa, da ganin hannun da ya miƙo takalmin, mutumin ya washe baki.

"A'a, Baba, mutanen Dukku ne? Sannu da zuwa. Ya damina? Ya shinkafa bana? Ku ne fa masu ciyar da mu."

Baffa ya tsuguna a gabansa, ya ƙura wa basillar ido tana shiga tana fita, zaren yana bin ta. Badukun ya dube ni, ko tsohon ba ya ji ne. Can Baffa ya taɓa mini ƙafa, ya yi magana da harshenmu, a hankali, ba tare da ya ɗago ba.

"Gaya masa ya rage sauri. Ina so in ga abin da aka ce na gada."

Badukun ya ce, "Me Baba ya ce?"

Na ce masa yana yaba aikin ne.